Tambayar Lele

"Wai yanzu waya ce za ta koya miki riƙon 'ya?" Inna ta faɗa daga bakin ƙofa. "Mu da muka haife ku, wace waya muka tambaya?"

"Inna, iyaye ne fa irina, kowa da damuwarsa..."

"Sai ki yi ta tona wa baƙi cikinki. Allah Ya kyauta!"

Umman Lele ta ture keken ɗinkinta gefe, ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai. A lungun gado 'yarta Lele na zaune tana cizon farce, idanunta a bango.

Tun da zazzaɓi ya ɗauke wa Umman Lele jariri duniya ta juya mata baya. Mijinta kafinta ne, mutumin da ko tari ta yi sai ya ajiye zarto ya zo dubawa. Amma ranar da suka dawo daga asibiti babu jaririn, zafin rashi ya sa bakinsa ya suɓuce.

"Da kin kai shi da wuri..."

Bai ƙarasa ba, amma magana zarar bunu ce. Ta ɗauki Lele ta koma gidan Inna. Ita kuwa Inna ta rantse 'yarta ba za ta koma wa mai wannan bakin ba. Ya yi ta kira, ba ta ɗauka, ga shi kuma zuciyarta ta ƙi daina son sa.

Lele, sarkin surutu, tun daga lokacin ta yi gum. Wata nas ce ta sa uwar cikin zauren iyaye da ke haɗuwa ta bidiyo, wata Malama na jagoranta. A nan ta koyi jan numfashi kafin ta daka wa yarinyar tsawa. A nan ta fara kuka a gaban mutane ba tare da kunya ba. Da Malama ta ce ciwon yarinyar na iyaye biyu ne, da ƙyar ta ba da lambar mijinta.

Fuskoki suka fara bayyana a wayar, ana gaisawa. Sai ga wata sabuwa.

Shi ne! Yana zaune cikin shagonsa, garin katako a gashinsa, ya rame har ƙasusuwan wuya sun fito.

"Barka da zuwa, Abban Lele," in ji Malama. "Me ya fi damun ka?"

Ya daɗe yana murza hannu.

"Gidan ne, Malama... ya yi mini girma. Har yanzu kofi uku nake wankewa, alhali ni kaɗai nake sha."

Ba ta ankara ba ta ji numfashi a kafaɗarta. Lele ce ta sauko, ta ƙura wa wayar ido.

"Abba..."

Muryar da uwar ta yi watanni tana roƙon Allah ta ji!

"Na'am, 'yar lelena! Na'am!"

"Abba, ina ƙanina? Yana wurinka ko? Yaushe za ka kawo shi?"

Wata mata ta rufe fuska da mayafi.

Sai a lokacin Umman Lele ta gane. Ranar rasuwar a gidan maƙwabta aka ɓoye Lele. Kowa ya shiga nasa kukan, babu wanda ya zaunar da ita ya faɗa mata. Ashe duk watannin nan jira yarinyar take yi.

"Wannan amsar ba ta waya ba ce," Malama ta ce a hankali. "Ku biyu za ku ba ta, kuna kusa da ita. Ku faɗi gaskiya da kalmomi masu sauƙi. In kuka ya zo, kada ku ɓoye."

Umman Lele ta waiga. Inna na nan bakin ƙofa, haɓar zaninta a ido.

"Ce masa ya zo," Inna ta ce, ta juya.

Ko rigar aiki bai canza ba. Yana shigowa ya durƙusa a gaban matarsa.

"Rabin raina, harshena ya cuce ni. Wallahi babu uwar da ta kai ki..."

"Bari, Abban Lele. Ba ni ce gaba ba yau."

Suka sa yarinyar a tsakiya. Shi ya fara, ita ta ƙarasa: ƙaninta ya yi ciwo mai tsanani, ya rasu, ya koma wurin Allah, ba zai dawo ba.

Lele ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Ni ce na sa? Na taɓa ƙwace masa abin wasa..."

"A'a! Ba ke ba ce!" suka faɗa tare.

"To Umma ce?"

Ya runtse ido, hawaye na bin gemunsa.

"Ba Umma ba ce. Ummanki ta yi duk abin da uwa za ta yi. Ba laifin kowa ba ne."

Sai Lele ta fashe da kuka, kuka mai ƙarfi irin na wanda yanzu aka yi wa rasuwa. Suka rungume ta. A bayan yarinyar hannunsa ya lalubo nata.

Ta riƙe shi gam.