Jaka Biyu, Yaro Ɗaya

"Sheri, ina karne ɗin allurar Papi?"

Natanayel ya yi kunnen uwar shegu. Ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Da kai nake magana fa!" in ji Nasara matarsa. Tana durƙushe gaban waliz, babban akwatin tafiya, a tsakar ɗaki, ta zazzage kayan ciki kaf a kan tabarma. "Jiya da hannuna na sa shi a aljihun nan, tare da paspor ɗinsa. Yau babu. Hular sanyinsa babu, safa guda biyu babu. Aljanu ne a gidan nan ko me?"

"Ki... ki duba da kyau mana."

"Sau nawa zan duba?"

Ba aljanu ba ne, kuma Natanayel ya fi kowa sani. Da asuba ya ga karne ɗin, wato katin rigakafin ɗansu, da idonsa, an naɗe shi cikin leda an cusa a jakar Inna, mahaifiyarsa, wadda ta zo daga Dogon Dutsi mako biyu da suka wuce.

Ga yadda bawan Allah ya ɗaure kansa da igiyar da ya tufka. Nasara ma'aikaciyar jinya ce, ta samu gurbin ƙarin karatu na wata goma a Abidjan kan kula da jarirai, abin da ta yi shekara uku tana nema. Da ta ce masa za ta tafi da ɗansu mai wata bakwai, tunda nono yake sha, sai ya ce, "To, sheri." Da Inna ta zo ta ji labari, ta kira shi gefe ta ce ba za a kai mata jika uwa duniya ba, a bar mata shi ta riƙe, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Tun da aka haife shi bai taɓa ce wa tsohuwar nan a'a ba, bakinsa bai ma san yadda ake haɗa kalmar ba. Ya yi ta jiran Allah ya kawo mafita, kwanaki kuwa suna ta tafiya abinsu. Yau Juma'a, jirgi gobe Asabar da la'asar.

Ita kuwa Nasara, tunda ba ta taɓa hawa jirgi ba balle da goyo, abokiyar aikinta Hasiya ce ta zauna ta rubuta mata abubuwan da za ta riƙe. Kush, wato ƙunzugun jarirai, guda goma a jakar hannu, kada ta kuskura ta tura su duka cikin waliz. Kayan canji na yaro kashi biyu, nata ma riga ɗaya, don amai ba ya sallama. Bargo mai laushi saboda sanyin cikin jirgi, bibiron na shayar da yaro, ƙaramar kwalbar maganin zazzaɓi, da zanen goyo don hannu ya huta a layi. Ta ja layi biyu ƙarƙashin wata magana: ta ba shi nono lokacin tashi da lokacin sauka, don kada kunnensa ya toshe. Sai takardu, paspor da karne da takardar haihuwa. Can ƙasa kuma, abu na ƙarshe, takardar izinin uban yaro, da sa hannunsa da hatimin hukuma.

Natanayel ya karɓi takardar Hasiya ya yi ta sintiri a kantuna kamar wanda aka aika. Komai ya sayo, wasu ma bibbiyu. Abu na ƙarshen nan kaɗai ne kullum yake cewa gobe.

Nasara ta ɗago ta dube shi. "Takardar izinin fa? Ka san yau da rana suke rufewa."

Kafin ya lalubo ƙaryar da zai yi, labule ya ɗaga. Inna ce, Papi a bayanta yana tsotsar yatsa.

"Ɗiyata, ina kinka aje man shafawarshi? Ba ni in sa cikin jakata tun yanzu, kar mu mance. Kin san motar Dutsi da sassahe take tashi."

Nasara ta yi murmushin wanda bai fahimta ba. "Motar Dutsi, Inna?"

"I mana. Ni da maigidana mu kama hanyarmu, ke ki kama taki." Ta ɗan jijjiga goyon. "Ko ba haka ba, angona? Karne ɗinshi ma na ɗauka, Auta ya ce akwai allurar wata tara."

Nasara ta dubi Inna, ta dubi mijinta. Inna ma ta dubi Nasara, ta ga waliz a buɗe, ta ga 'yan riguna da bargo da tulin kush, sannan a hankali ta juyo ga ɗanta.

"Auta, kayan wa ke cikin akwatin ga?"

"Inna, wato... dama ina so in..."

"Mushe," in ji Nasara a hankali. Ba ta kiransa da sunan aikinsa na koyarwa sai ranta ya ɓaci matuƙa. "Zo kicin, ina son ganinka."

Ko da ta rufe ƙofa, hawaye sun riga sun wanke mata fuska, amma muryarta ƙasa-ƙasa take don kada surukarta ta ji.

"Ka ce mata za ta tafi da shi?"

"Ban ce ba... to kawai na ce."

"Ni ma to ka ce min!"

"Nas, ki saurare ni..."

"Mako biyu! Ina cika jaka tana kwashewa, ina zargin kaina da mantuwa, kai kana kallonmu kamar mahaukata biyu!"

"Wallahi kaina ne ya ɗaure. In na dube ki sai in ga ke ce da gaskiya, in na dube ta sai in ga..."

"Ba zan yi sa-in-sa da Inna ba, uwata ce. Amma ka ji da kyau. Yaron nan ko kunu bai gama karɓa ba. In bai tafi ba, ba inda za ni. In kuma karatun nan ya kuɓuce min don ka kasa buɗe baki, zan zauna da kai, Natanayel, amma ban san da wane ido zan riƙa kallonka ba."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Ya ɗauki makullin babur ya fita ko hula bai sa ba.

Daga unguwarsu Yantala ya nufi ofishin da ake buga hatimi. Ya isa har bakin ƙofa, ya kashe babur, sai fuskar Inna ta faɗo masa a rai, ya sake tayarwa. Ya ce bari ya koma gida ya lallashi Nasara ta haƙura da shekarar bana. Ya yi rabin hanya, ya tuna daren da ta yi ta karatu da tsohon ciki ƙafafunta a kumbure, ya juya. Bai ankara ba sai ga shi tsaye a wani farmasi a unguwar Maourey, riƙe da bibiron na huɗu, mai kanti yana tambayarsa ko a sa a leda. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya rasa ma me ya kawo shi. Malamin da ke tsawata wa yara sittin su yi shiru, yau ga shi mata biyu da jariri sun mayar da shi abin tausayi.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura ya dawo gida. Inna na zaune a inuwar bishiyar bedi a tsakar gida, Papi ya yi barci a cinyarta. Ya je ya durƙusa gabanta, gwiwa biyu a ƙasa.

"Inna, na yi miki laifi."

Ba ta dube shi ba.

"Tun farko ya kamata in gaya miki. Yaron nan ba zai iya rabuwa da uwarsa ba yanzu. Tsoron ɓacin ranki ne ya sa na..."

"Tsoron ɓacin raina?" Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Na aika Dutsi an share ɗaki, an ɗaura gidan sauro sabo. Na hwaɗa wa matan zumunta kaf a majami'a, na ce ran Lahadi zan shigo da Tanko a bayana. Yanzu da wace huska zan koma?"

Sunan ya daki ƙirjinsa. Ba ta cika faɗinsa ba. Tanko sunan mahaifinsa ne, shi aka mayar wa yaron, shi ya sa kowa ke sakayawa da Papi.

"Kana shekara huɗu ubanka ya tahi Abijan neman aiki," in ji ta. "Ya ce min wata shida. Wasiƙa ɗaya na samu, ta biyun kuwa wani ne ya rubuto, ya ce zazzaɓi ya kashe shi, sun bizne. Ko kabarinshi ban gani ba. Shekara ashirin da bakwai ina jiran Ubangiji ya maido min sunan ga cikin gida. Ya maido, ku kuma kun ce garin nan dai za ku kai shi. Duk garuruwan duniya, sai wannan?"

Natanayel ya fashe da kuka kamar yaro. "To Inna ki ce min abin da zan yi. Ki ba ni izini, ko ki hana ni, ni dai kaina ya kulle."

"A'a." Ta share idonta da bakin mayafi. "Ɗiyata ta karanta min takardar tahiyar. Izinin uba anka ce, ba a ce na kaka ba. Ran suna kai ka miƙe gaban jama'a ka ce ɗanka ne. In kai ne uban, tashi ka yi abin da uba ke yi. Amma kar ka sa ran in ce ma na ji daɗi."

Ya daɗe a durƙushe. Ta tagar ɗaki ya hango Nasara zaune a bakin gado, ta haɗa kai da gwiwa, ba ta ko taɓa kayan da ke warwatse ba. Ya dubi yaron da ke barci, bakinsa na motsi yana tsotsar nonon da babu. A ransa ya san amsar tun mako biyu da suka wuce, faɗinta ne ya gagare shi.

"Inna," ya ce, "zai bi uwarsa. Ki gafarce ni."

Ya miƙe ya fita. Ana shirin jan ƙofar ofis ya kutsa, gumi sharkaf, ya sa hannu aka buga masa hatimi.

Ranar nan Inna ba ta ƙara ce masa uffan ba. Tuwon da Nasara ta kai mata ma haka aka ɗauke shi. Da safe motar Dutsi ta tashi ba tare da ita ba. Ta fito da karne da hula da safa ta ajiye a kan waliz, ta ɗauki jikanta ta goya, ba ta sauke shi ba har suka shiga taksi, har suka isa filin jirgi.

A bakin ƙofar da masu rakiya ke tsayawa, ta kwance goyon da kanta. Ta miƙa wa Nasara shi.

"Ɗiyata."

"Na'am, Inna."

"An ce akwai majami'ar Hausawa a can. In kin samu sarari ki tambaya, ko akwai tsohon da ya san inda anka sa Tanko na Dutsi, mai gini. In an nuna miki, ki kai yaron ga. Ki ce mishi ni na aiko, ya ga mai sunanshi."

Nasara ta rungume ta tana shessheƙa. "Zan nema, Inna. Ko zan zaga garin duka zan nema. Kuma da ƙafarsa zai shigo miki majami'a, in Ubangiji ya yarda."

Sannan ta juyo ga mijinta. Ya kasa haɗa ido da ita, sai duba jakar hannu yake yana tambayar ko kush sun isa, ko ta sa bargo a sama, ko ta tuna maganar nono lokacin tashi.

"Sheri," ta ce, ta riƙe hannunsa. "Komai yana ciki. Dube ni mana."

Ya ɗago.

"Jiya ka ba ni haushi kamar in mutu. Amma na ji abin da ka faɗa a tsakar gida, na kuma san abin da ya ci maka. Na gode, Baban Papi."

"Wata goma, Nas... yaya zan yi?"

"Ka riƙa kira kullum. In ka ce min to kuma, sai na tambaye ka wa kuma ka faɗa wa."

Ya yi dariya hawaye na zuba. Ya sumbaci goshin ɗansa, ya daɗe bai ɗago ba, har ma'aikacin ƙofa ya yi gyaran murya. Ta saɓa yaron a kafaɗa, ta ja jakarta ta shige. Sau biyu ta waiwayo, na uku mutane sun tare.

Suka tsaya a waje, uwa da ɗa, har jirgin ya ɗaga ya ƙanƙance ya ɓace. Natanayel ya goge fuska, ya ce a sanyaye, "Inna, gobe in kai ki tasha?"

Ta harare shi, idonta jawur. Karo na farko ke nan da ta dube shi tun jiya.

"Tashar mi? Ka ga yadda kake kuka gaban mutane? Wa za ya dafa ma abinci wata goma?" Ta gyara mayafinta, ta kama hannunsa kamar yadda take yi in za su tsallaka titi yana ƙarami. "An ɗauke min ƙaramin, sai in riƙe babban. Wuce mu tahi gida."