Mai Ƙasa da Baƙonta

Tun ranar farko ya kamata Chundung ta gane cewa wasan nan zai kai su ga kuka, domin akwai kalmar da 'yan Jos ba sa wasa da ita, ko sun tsallaka teku.

A wani ƙaramin ɗakin haɗa fim a garin Takoma Park na Amurka suka haɗu. Ita ke jera hotuna, Faizal ke gyara sauti. Fim ɗin na tarihin 'yan asalin Amurka ne, waɗanda Turawa suka tarar, da fafutukar da suka daɗe suna yi a kan ƙasarsu. Babu mai sharhi, waƙoƙinsu da ganguna ke ba da labarin. Kwamfuta ta maƙale mata, ta ja tsaki ta ce, "Wannan abu zai kashe ni." Faizal ya juyo.

"Hausa na ji?"

"Ni 'yar Jos ce, Berom."

"Ni ma ɗan Jos ne. Haƙar kuza ta kawo kakana daga Kano."

Ta kanne ido. "Ashe baƙo ne."

"Ranki ya daɗe, mai ƙasa."

Suka yi dariya, sunayen kuma suka bi su. Kullum da safe tana cikin jirgin ƙasa saƙonsa zai shigo: "Mai Ƙasa, baƙonki ya iso, ya kawo shayi. A ba shi masauki ko a zuciya ne."

Mahaifinta, Da Bot, direban bas ne, mutum mai yawan zullumi tun da aka kashe ƙanensa Choji a rikicin Jos. Raymond yake so mata, wani nas ɗan cocinsu. Ranar da Faizal ya je gaishe shi a gidansu da ke Silver Spring, ya durƙusa har ƙasa.

"Ɗan ina ne?" in ji Da Bot.

"Ɗan Jos, Baba."

"Asalinka nake tambaya."

"Ban san wani gari ba, Baba. Kabarin kakana ma yana can."

"Ban ma zo kan addini ba tukuna. Kana nan kana tace waƙar masu ƙasa, kana tausaya musu. A gida fa, wane ɓangare kake?"

Faizal ya sunkuyar da kai. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Da yamma ta rubuta masa: "Baƙona, da ka ce Kano kawai, da an wuce wurin."

Ya amsa: "Ki daina kirana haka. Da sunan nan aka hana ni takardar ɗan ƙasa sau biyu a garin da aka yanke mini cibiya. A bakinki kaɗai nake jure shi. Yau na kasa."

Mako uku suna zama kafaɗa da kafaɗa, babu abin da ke haɗa su sai "ƙara sauti" da "mayar baya". Waƙar wata tsohuwa suke gyarawa, tana jero sunayen koguna da ƙauyukan mutanenta, da na waɗanda suka mutu a can. Chundung takan shiga banɗaki ta yi kuka ta dawo.

Ranar Asabar da aka nuna fim ɗin, sai da ta roƙi mahaifinta kafin ya zo. Da aka tashi ta same shi a waje cikin sanyi, ya ƙi sa hularsa.

"Gidan da muke ciki, a kan ƙasar matar nan yake?"

"Eh, Baba."

"Shekara tara na yi a Amurkan nan aka ba ni takardar ɗan ƙasa. Ke kuwa ranar da aka haife ki." Ya juyo gare ta. "Kira min yaron."

Faizal ya zo ya rusuna.

"Wa ka rasa a rikicin?"

"Yayata Sailuba, da goyonta."

"Ni Choji." Ya dube shi. "Ban ce kai ɗan ƙasa ba ne. Bakina ba zai iya ɗaukar maganar ba. Amma ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure da bazara. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi, kujeru da yawa babu kowa. Da Bot ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya ba ku gidan da ba za a tambaye ku asali ba." Faizal ya raɗa mata, "Mai Ƙasa." Ta ce, "Mai gidana," ta riƙe hannunsa gam.

Goggo Atine, matar marigayi Choji, har yau ba ta ɗauki wayar Da Bot ba. Kuma idan Allah ya ba su haihuwa, aka kai yaron Jos neman takarda, babu wanda ya san abin da za a rubuta masa.