Goma ga Sha'aban

A wajen wani biki a Janfalan Huzaifa ya fara ganin Mukarrama. Yana ɗaure ƙafar rumfa, waya maƙale a kunne, wani mutum yana zazzaga masa faɗa saboda ya karɓi aiki biyu a rana ɗaya.

"Kullum haka kake shan faɗa?" ta ce.

"Sati-sati dai."

Ta miƙo hannu, ya ba ta wayar. Ɗalibar kwamfuta ce. Nan take ta haɗa masa mataimakin AI da kalandar intanet. "Duk aikin da ka samu, faɗa masa da baki. Zai rubuta, ya tuna maka."

"Har ranar da zan sake ganinki?"

"Wannan ni za ka tambaya."

Kafin wata shida ta zama Injiniyata, shi kuma Mai Rumfa.

Sai dai mahaifinta, Malam Mamuda, bai yi na'am ba. Huzaifa ya bar makaranta tun aji uku, ya yi acaɓa, ya yi cajin waya, kafin ya kama hayar rumfa da kujeru a Maƙarfi. Ga kuma Shamsuddeen, malamin firamare a Ikara, natsattse, yana ta aike yana neman aurenta.

"Huzaifa nake so, Baba," in ji Mukarrama, kanta a ƙasa.

"Yaron da ba ya tsayawa a kan abu ɗaya? To. Magabatansa su zo goma ga Sha'aban. In ranar ta wuce ban gan su ba, kada ki ƙara kawo mini sunansa."

Huzaifa yana lodin kujeru ya faɗa wa mataimakin ranar. Mataimakin ya amsa masa: "A lissafi Alhamis ce, amma ganin wata yana iya sauya ta. In tuna maka ka tabbatar idan wata ya kama?"

"Kai dai sa kawai."

Ya sanar da Kawu Uwaisu, ƙanen mahaifinsa, cewa Alhamis ce. Aka ga wata kwana ɗaya kafin lissafin. Huzaifa bai bi ta kai ba.

Ran Laraba bayan azahar, yana kafa rumfa a Kudan, saƙo ya shigo.

"Mai Rumfa, Baba ya sa an shimfiɗa tabarmi tun hantsi. Umma ta dama fura. Kuna ina?"

"Ai gobe ne, Injiniyata."

"Yau ne goma. Shamsuddeen ya wuce ta ƙofar gida sau biyu. In ka fasa ne, ka faɗa mini da bakinka."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya ce wa mataimakin ya ɗage sauran aikin ranar, ya ba masu shi haƙuri. Wayar Kawu a kashe. Ya hau babur ya nufi Gubuchi, garin Kawu.

A gonar rake ya same shi, ƙafa duk taɓo.

"A haka zan je neman aure, ɗan nan?"

"Kawu, rana za ta faɗi."

Kawu ya zura babbar riga a kan kayan gona. Goro a hanya suka saya.

Sun isa Janfalan rana ta yi ja. Malam Mamuda yana naɗe tabarmar ƙarshe, buta a gefensa. Huzaifa ya laɓe a gindin mangwaro, Kawu ya yi sallama, ya yi doguwar gaisuwa, ya bayyana abin da ya faru.

"A kira mini shi," in ji Malam Mamuda.

Huzaifa ya zo ya tsuguna.

"Wato wayar ce ta yi kuskure?"

Da ya ce e, da magana ta yi sauƙi.

"A'a, Baba. Ta gargaɗe ni. Ni ne na yi gaggawa."

Malam Mamuda ya juya ya dubi yamma.

"Ladan bai kira magariba ba. Har yanzu goma ga wata ne." Ya warware tabarmar. "Bismillah, Malam Uwaisu."

Daga bayan ƙyauren zaure Mukarrama ta saki numfashi.

Aka sa rana, sha biyu ga Shawwal. Da mataimakin ya sake yin tambayarsa kan ganin wata, Huzaifa ya ce, "Tuna mini. Sau uku."

"Sau huɗu," in ji Mukarrama.

A ƙarƙashin rumfar da ango ya kafa da hannunsa aka ɗaura auren, a ranar da aka sa. Malam Mamuda ya ɗaga hannuwa: Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuri'a mai albarka. Jama'a suka amsa da amin.