Maganin Olsar Alhaji Kassim

Kafin Sufeto Sualihu ya ratsa cincirindon tashar Yendi, Alhaji Kassim ya riga ya cika. Yana kwance a gindin motar doyarsa, aman jini ya rina masa gaban riga.

Ɗansa Sherif ya ce daga Salaga suka taso za su Bawku. Ya ce olsa ce, ta daɗe tana cin tsohon, amma bai taɓa fashin magani ba. Likita ma ya tabbatar gyambon ciki ne ya ɓarke.

Da a nan maganar za ta mutu, ba don shi kansa Sufeto ƙwannafi ya hana shi sakat ba. Irin kafson da aka ciro daga aljihun mamacin, cikin ɗan gwangwani, shi yake haɗiya kowace safiya. Ya ɗauki ɗaya ya kaɗa kusa da kunne. Nasa yakan yi ƙara kamar tsabar gero. Wannan shiru.

Ya ɓare shi, farin gari ya zubo.

Likita ya sa aka gwada. Dakakken maganin ciwon gaɓoɓi ne mai ƙarfi, wanda ga mai olsa tamkar a zuba wa wuta fetur.

Sufeto ya koma kan Sherif. "Wa ke saya wa babanka magani?"

"Shi da kansa yake saye, ya ɓalle ya zuba a gwangwani, Ofisa."

"Mutumin da ka ce ko takardar goro ba ya iya warwarewa saboda rawar hannu?"

Sherif ya sunkuyar da kai. Ya amsa cewa shi ke saye, tsoron zargi ya sa shi ƙarya. Amma a rufe yake kawowa. Mai ɓallewa ta zuba a gwangwani ita ce Mma Asana, matar marigayi ƙanen babansa.

Washegari Sufeto ya sauka Salaga ana zaman makoki. Mma Asana ta rantse koko kawai take dama wa Alhaji. A kasuwa kuwa mai kemis ya ce ba ta rabo da sayen maganin gwiwa, har ya taɓa yi mata faɗa.

Sufeto ya koma gidan, ya zauna yana kallonta. Ta durƙusa ta sauke tukunyar tuwon sadaka, ta miƙe cak, ko dafa ƙasa ba ta yi ba.

"Mma, gwiwar ta warke ke nan?"

Ta dube shi, ta dubi kafson da ya ajiye a kan tabarma. Ta goge hannu da gefen zane, ta zauna.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce lokacin da ake harbe-harbe a hanyar Bawku direbobi duk sun ajiye mota, Alhaji ya ce doya ba ta jiran sulhu. Ya hana Sherif tafiya, ya tura Samed, tilon ɗanta. A bayan motar aka dawo da gawarsa. Doyar kuwa aka sake mata lodi.

"Ko gaisuwa bai yi mini ba, ɗana. Cewa ya yi kwana ne ya ƙare. Ni ma na bar shi da nasa kwanan, ya ci shi daga ciki yadda nawa ke cina."

Sufeto bai sa mata ankwa ba. Ya ce ta ɗauko mayafi. Mata suka yi cirko-cirko, Sherif ya juya wa bango fuska.

Sun kai bakin zaure ke nan wani dogon mutum ya yi sallama, ƙurar hanya har gira. Ya ce sunansa Nazif, daga Bawku, abokin cinikin marigayi. Ya yi ta'aziyya, sannan ya rage murya.

"A yi mini afuwa, ba lokacinsa ba ne. Zuwansa na ƙarshe Alhaji ya ɗibar wa mahaifiyata maganin olsarsa, Allah Ya saka masa. Tana ta sha, amma ciwon cikin sai ƙaruwa yake. Ko akwai wanda ya san sunan maganin?"

Mma Asana ta dafa bango.

Sufeto ya miƙa wa Nazif wayarsa. "Kira gida. Yanzu."