Komai Bibbiyu

"Gimbiya! Rufe idonki, na zo miki da tsaraba!"

Auta tana zaune a bakin katifa, ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kan filo. Ta rufe ido tana murmushi. Mijinta, wanda duk unguwa ke kira Mai Faci saboda rumfarsa ta gyaran taya a bakin titi, ya ajiye mata leda a cinya. Ta buɗe da ɗoki, sai ga safar hannu ta asibiti, ƙulli biyu.

"Haba Injiniya! Ni na ɗauka turare ne! Kuma har biyu? Takardar da Sista ta ba mu ɗaya ta rubuta fa."

"Ni da kullum nake ganin manyan mutane tsaye a rana saboda ba safaya a mota? Ba da ni ba. Komai bibbiyu!"

A asibitin gwamnati inda Auta ke zuwa awo, mai naƙuda ita ke zuwa da kayan aikinta: safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, abin ɗaure cibiya, har ledar ƙarin ruwa. Tun cikin yana wata uku bawan Allah nan yake sayo abu guda duk sati, kuma sai ya ninka shi, ya zuba a wata tsohuwar jakar makaranta da ya rataye a bayan ƙofa.

Suna cikin dariya suka ji hon a waje. Dariyar Auta ta ɗauke ɗif. Mama ce.

Ita dai Auta 'yar masu hali ce, da kanta ta zaɓi Mai Faci, kuma shekara biyu ke nan mahaifiyarta ba ta huce ba. Ta shigo tana fifita da gefen mayafi. Surukin nata ya durƙusa har ƙasa yana gaishe ta, ta amsa da kyar kamar ana bin ta da sanda. Idonta ya faɗa kan safar hannun.

"Wannan kuma fa?"

"Kayan haihuwa ne, Mama," in ji Auta.

Mama ta sauko da jakar, ta zazzage ta a ƙasa, ta tafa hannu.

"Yau na ga abin da ya ishe ni! Yayarki ta haihu a ɗaki mai sanyi, likita biyu a kanta, har fure aka kawo mata. Ke kuma 'yata za a kai inda ake zuwa da auduga a jakar 'yan firamare? Ko sikanin an yi miki?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ba a yi ba. Injin asibitinsu ya daɗe da lalacewa, na waje kuwa ya fi ƙarfinsu.

"To ki saurare ni. Na kama miki ɗaki a asibitin da yayarki ta haihu. Amma idan kika bi ni, kin bar ɗakin nan ke nan, ba dawowa. Ba zan yi ta zuba dukiyata a rami ba. Ki yi tunani!"

Ta fice. Mai Faci ya tsuguna yana tsince kayan ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗe musu ƙura. Can ya ce:

"Gimbiya, ki bi Mama."

"Me ka ce?"

"Ranki ya fi min komai. Gara in rasa ki kina raye a gidanku da in..."

"Filis, kar ka ƙarasa!" Ta fashe da kuka. "Ai da idona a buɗe na aure ka. Wallahi ba inda za ni! Inda ka kai ni, nan zan haihu."

Shi ma sai ga hawaye shar a fuskarsa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don ya san matar maƙwabcinsa da ta tafi haihuwa bara ba ta dawo ba.

Sati biyu bayan nan, da rana tsaka, Mama ta dawo da direbanta don jin amsa. Ba ta ko zauna ba Auta ta dafe bango ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo Mama! Bayana! Ya zo!"

Nan fa gida ya hargitse! Aka tallabe ta zuwa mota, Mama na ihu a wuce asibitinta. Direba ya leƙa titi ya girgiza kai.

"Ranki ya daɗe, can ƙarshen gari ne, ga cunkoso. Wallahi a mota za ta haihu!"

"Na gwamnati, Mama, ga shi nan kusa! Akwai katina... ku kira min mijina!"

Ba yadda Mama ta iya. A bakin asibitin maigadi ya hana mota tsayawa, direba ya sauke su ya tafi neman wurin ajiye ta. Mama ta tallabi Auta suka shiga ciki. Mata reras a kan benci, wasu a ƙasa, kowacce na murƙususu, ungozoma biyu kacal suna kai da komo. Sista ta duba katin Auta ta miƙo hannu.

"Ina kayanta?"

Mama ta zuge jakarta mai tsada. Katin banki, turare, madubi.

"Baiwar Allah, da madubi zan karɓi haihuwa? Kaya nake tambaya!"

Sai ga Mai Faci a guje, hannu baƙi ƙirin da man taya, jakar 'yan firamare na lilo a kafaɗarsa. Sista ta buɗe ta ce, "Yauwa! Wannan shi ne miji."

A gefen Auta akwai wata yarinya ramammiya da tsohuwar uwarta. Tun safe suke nan, ba su zo da ko auduga ba, kuma asibitin ba shi da na bayarwa. Yarinyar ta daina ihu ma, sai numfashi. Auta ta damƙo rigar mijinta.

"Injiniya... ba ta safayar."

Ya dube ta, ya dubi yarinyar. Nan take ya raba kayan biyu, ya miƙa wa tsohuwar rabi. Aka shige da Auta da yarinyar ciki.

Ba a jima ba suka ji kukan jariri. Mai Faci ya daka tsalle har takalminsa ɗaya ya fice. "Allah na gode maka!" Amma murnar ba ta je ko'ina ba, Sista ta banko ƙofa.

"Akwai na biyu a ciki! Tagwaye ne, kuma matarka tana zubar da jini. Kai, bi wancan layin a ɗebi jininka, maza! Ke kuma, baiwar Allah, je ki sayo mana ƙarin kaya! Safar hannu, abin ɗaure cibiya, ledar ruwa biyu. Yanzun nan!"

Aka ja Mai Faci. Direba ba labarinsa. Mama ta tsaya da takardar da Sista ta miƙa mata a hannu, ba ta ma san kamannin abin ɗaure cibiya ba. Sai ta ji an kama hannunta. Tsohuwar nan ce.

"Zo, 'yar'uwa, na san kantin. Tun safe nake zaga shi ina kallon kayan ta gilashi. Cire takalman nan!"

Mama, wadda ko kofin ruwa sai an miƙo mata, ta tuɓe dogayen takalmanta ta runtuma a guje a kan kwalta mai zafi, mayafi na jan ƙasa, tana ratsa motoci tana faɗin, "Ku ba ni hanya, 'yata za ta mutu!" Da ta dawo da kayan tafin ƙafarta ya yi bororo, ko ji ba ta yi ba. Ta zube a ƙofar ɗakin, ita da tsohuwar suka riƙe hannun juna suna addu'a.

Kuka na biyu ya tashi. Sista ta leƙo tana share gumi.

"Mace da namiji. Uwar ma ta tsallake, jinin mijinta na shiga jikinta. Ke ma tsohuwa, kin yi jika!"

Da yamma Mai Faci ya shigo yana tangaɗi, auduga manne a hannunsa. Ya durƙusa zai gaida Mama, ta riƙo shi.

"Tashi, ɗana. Ni ce ya kamata in durƙusa. Na zazzage jakar nan a ƙasa ina dariya, ashe rayuka biyar ke cikinta. Ka yafe min." Ta juya ga Auta. "Ke kuma, ɗakin mijinki za ki koma. Ni zan kai ki da kaina."

Auta ta yi murmushin gajiya. "Injiniya, ashe har 'ya'yan ma da safaya ka yi oda?"

Ɗakin ya kaure da dariya, har da matan gadajen gefe.

Ya ku 'yan'uwana, arziki abu ne mai kyau, kuma da a ce Auta ta samu sikanin da ba a kai ga wannan gudun ba. Amma naƙudar 'yar mai kuɗi da ta 'yar talaka zafinsu ɗaya, kuma bai kamata safar hannu ta raba mai rai da gawa ba. Kar ku raina mijin da yake ƙoƙari da ɗan abin hannunsa. Wanda ya yi haƙuri ya riƙe amana, Allah ba ya kunyata shi.

Tun daga ranar, duk ƙarshen wata za ka ga motar Mama a ƙofar asibitin nan, but ɗinta cike da jakunkunan haihuwa na matan da suka zo hannu rabbana. Mai kantin ya taɓa tambayarta nawa-nawa zai zuba a kowace jaka. Ta harare shi ta ce:

"Kai baƙo ne? Komai bibbiyu!"