Ramukan Da Aka Rufe

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Miludu Zarwali waya cewa an tsinci gawar Si Hummad a filin tarfas na gidansu, gabas da garin Tandrara. Sufeto ɗan yankin ne, ga kaifin harshe, kuma ya san abin da filin nan yake ga masu shi. Tarfas wani irin naman kaza ne mai tsada da ke fitowa a ƙarƙashin ƙasa, ba a shuka shi. In an yi ruwan tsawa ƙasa ta tsattsage, sai a bi tsagar a tono, da shi gidan ke rayuwa.

Dattijon yana kwance rub da ciki, an fasa masa ƙeya da ƙarfen tono. Matarsa Lalla Mbarka tana zaune kusa da shi, ta ƙanƙame hannun Ɗayyib, ɗa tilo da ya rage mata a duniya.

"Ɓarayi ne, ranka ya daɗe," in ji Ɗayyib. "Sun kwashe tarfas ɗin gefen nan kaf. Ka tambayi Buziyan makiyayi, kullum tumakinsa suna cikin filinmu."

A ofis Buziyan ya rantse har da dafa ƙirji cewa rabonsa da wurin tun kaka.

"To tumakinka ne suka je yawo su kaɗai, suka bar mana ɗanyen kashi?" in ji Sufeto.

Buziyan ya sunkuyar da kai. "Na je jiya. Amma wallahi faɗa kawai na jiyo, tsakanin uba da ɗa. Si Hummad ya yi wa wani mai tarakta alkawarin filin, za a nome a zuba sha'ir. Kai ma ka sani, inda garma ta bi, tarfas ya yi sallama."

Da la'asar Sufeto ya koma filin. Ya zaga gefen da aka ce an sace, bai ga rami ko ɗaya a buɗe ba. Duk inda aka tono an mayar da ƙasa, an danne. Ransa ya ɓaci, don ya hango inda maganar ta dosa, kuma bai so ba.

Ya tarar da Lalla Mbarka a tsakar gida cikin farin mayafin takaba, Ɗayyib yana zuba wa masu ta'aziyya shayi.

"Lalla, marigayi yakan rufe rami in ya tono?"

"Shi? Allah Ya jiƙansa, har ya bar duniya ina fama da shi, bai taɓa ba. Ɗayyib ne kaɗai ya gado ni. Yakan mayar da ƙasa, ya danne da dunduniya don tarfas ya sake fitowa baɗi. Ko korarsa ake yi sai ya..."

Sai ta juya ta dubi ɗanta.

"Ɗayyib," in ji Sufeto, "a ina ka taɓa jin ɓarawo ya kashe mutum, sannan ya tsaya tanadin baɗi?"

Butar shayi ta suɓuce daga hannun Ɗayyib. Hali zanen dutse. Ya tone tarfas ɗin ne don a ce sata aka yi, amma ƙafarsa ta yi abin da ta saba.

"Na roƙe shi, Inna," ya ce. "Na ce filin kakanninmu ne. Ya ce gobe tarakta za ta shigo, ya juya mini baya. Sau ɗaya na buga."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, masu ta'aziyya suka dare aka wuce da shi zuwa mota. Lalla Mbarka ta biyo su ba takalmi, ta kama hannun rigar Sufeto.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Da bakina na ba ka shi?"

Sufeto ya zare hannunsa a hankali ya shiga mota.