Jan Fenti a Maƙabartar Bau

Abin kunya, kaburburan mahaƙan zinariyar da suka kafa garin Bau sun zama daji, jikokinsu na can suna shan shayi. Kim Fatt, matashin malamin makaranta, ya fusata ya ɗauki jan fenti, ya wuni yana sabunta sunayen mamatan da ke jikin duwatsun kaburburan.

Da magariba wani tsoho ya tsaya bayansa, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Ɗan boko, a al'adarmu sunan mai rai ake rubutawa da ja, ba na mamaci ba."

"Kaka, shi na samu. Ku masu sanin, me kuka tsinana?"

"Mun tashi mana, tunda ka tashe mu." Tsohon ya zare burushin daga hannunsa da yatsu masu sanyi. "Amma ramina ba ya kwana babu kowa. Yaya ake rubuta sunanka?"